Kwalbar da Baba Ya Binne a Gindin Mangwaro

Da sunan Allah nake farawa, kuma da farin ciki, domin wadda zan ba da labarin ciwonta tana tsakar gida yanzu haka tana faɗa da kajin maƙwabta. Ni ba mai yawan magana ba ce, a gidanmu an san haka, a ajinmu ma an sani. Amma kwanakin nan duk wanda na gamu da shi sai in ji kamar in riƙe hannunsa in zaunar da shi in ba shi labari. Tun da bakina ba zai iya ba, na ga gara in rubuta, wanda ya karanta ya gaya wa wani.

Sunana Safiya, ina karatu a wata kwaleji a nan garin Lafiya. Mahaifiyata, wadda muke kira Mama, Bagwandara ce daga wajen Adogi. Baba kuwa kakanninsa daga arewa suka zo da fatauci, shi ma sana'arsa ke nan, yana bin ƙauyuka yana sayen riɗi da agushi ya tara wa masu lodi. Mu biyu ne a gabansu, ni da yayana Nasiru mai tuƙa keke napep.

Kusan shekara biyu Mama tana fama da ciwo a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Idan ta ci miyar manja ko ƙosai, ba a jimawa sai ta dafe wajen, ta ce yana harbawa har kafaɗa. Mai kemis na bakin layinmu ya ce alsa ce, wato gyambon ciki. Ta sha farin maganin nan mai kauri kwalba bayan kwalba, har muka tara kwalabe a bayan ɗaki. Yayarta, Iya Lami, ta sha aiko da saiwoyi daga Adogi. Wani lokaci ciwon ya lafa wata guda, mu ce an dace, sai ya dawo. Ran wata Juma'a da safe, farkon damina, ta yi amai ta durƙushe a gaban murhu, ta kasa miƙewa. Yaya Nasiru ya sa ta a kekensa muka tafi wani asibitin kuɗi a cikin gari.

Hoton ciki aka yi mata, ko minti goma ba a yi ba likitan ya juyo da allon ya nuna mana. Ba alsa ba ce. Duwatsu ne cike da matsarmama, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta. Ya ce a cire jakar gaba ɗaya, mutum yana rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba.

Bayan kwana biyar aka yi aikin, kuma ya yi kyau. Murnar da muka yi ran nan ba kaɗan ba ce. Likita ya fito da duwatsun a ɗan faranti, guda tara, kamar 'ya'yan tsamiya. Mama tana farfaɗowa ta ce a ajiye mata su, akwai mutanen da za ta nuna wa, waɗanda suka ce raki ne ke damunta. Baba ya sayi lemo ya raba wa duk wanda ke ɗakin, har da masu jinyar wasu.

Abin da ya faru bayan wannan ba a gabana aka yi ba, na tafi neman ruwan zafi. Daga baya na haɗa labarin daga bakin Baba da Iya Lami. Wata nas da ke shirin tashi daga aiki ta miƙa wa Baba baƙar leda. A ciki akwai kwalbar roba mai murfi, matsarmamar da aka cire tana iyo cikin wani ruwa mai warin magani, sai takarda a ninke. Ta ce a kai Jos a duba, ba a yi a nan. Baba ya tambaye ta ko aikin bai yi kyau ba ne. Ta ce ya yi kyau mana, haka dai ake yi, ta ɗauki jakarta ta wuce.

Wannan "haka dai ake yi" shi ya kusa kashe mana uwa. Baba ya ɗauka irin ƙa'idojin nan ne na asibiti da ake ɗora wa mutum ba gaira ba dalili. Iya Lami kuwa da ta leƙa ledar sai ta ja da baya, ta ce naman ɗan Adam ne, ba a yawo da shi a mota ana ta girgiza shi. A wajensu duk abin da ya fita daga jikin mutum binne shi ake yi, kamar yadda ake binne mabiyiya idan an haihu. Baba bai ga abin musu ba, domin shi ma haka ya taso ya gani. Ya koma gida bayan la'asar, ya naɗe kwalbar da ragowar farin yadi, ya haƙa rami a gindin mangwaron bayan gida ya rufe ta da bismillah. Allah ya sa bai buɗe murfin ba, warin maganin ne ya hana shi. Takardar kuma ya cusa ta cikin ledar magunguna.

Kwana huɗu aka sallame mu. Ni aka bar wa magunguna, saboda an san ba na mantuwa. Na zazzage ledar a kan tabarma ina rubuta na safe da na rana da na yamma a littafina, sai ga takardar. Na warware ta. Sunan Mama ne a sama, ƙasa kuma rubutun likita irin nasu mai wuyar karatu. Na yi ta juya ta har na gane abu biyu. Na farko kalmar histoloji, wato a yanka naman siriri a duba shi da madubin likita. Na biyu, ya rubuta cewa bangon jakar ya yi kauri a wuri ɗaya.

Washegari na shiga laburaren makaranta na nemi littattafan ɗaliban jinya. A can na karanta cewa wani lokaci ciwon daji yana ɓoyewa a matsarmama, hoto bai nuna shi ba, likitan da ya yi aikin ma bai gan shi ba, sai an duba naman. Kuma idan an gano shi da wuri ana iya cim masa. Na rufe littafin na fito. Da na dawo gida na tambayi Iya Lami ina abin da aka cire, ta nuna min gindin mangwaro da haɓa, ta ce an binne.

Kwana biyu ina riƙe da maganar nan a ciki. Ban taɓa ce wa Baba ya yi kuskure ba tun da aka haife ni, ban ma san ta inda ake farawa ba. Na gwada Yaya Nasiru, ya yi dariya ya ce ni da littattafaina sai mun ga ciwo a jikin mai lafiya. Ran kwana na uku da safe Baba ya shigo duba Mama, Iya Lami tana ba ta kunu. Na durƙusa a bakin ƙofa, idona a ƙasa, na faɗi duk abin da na karanta a jere kamar mai hadda, ban tsaya ba don na san idan na tsaya ba zan ci gaba ba.

Iya Lami ce ta fara magana.

"Yarinyar nan, kin ji abin da bakinki ke faɗi? Abin da aka binne da sunan Allah ne za a tono?"

Baba ya ce ga mutum tana shan kunu, ciwo ya tafi, me kuma ake nema. Sai Mama ta ture kofin ta gyara zama da ƙyar.

"Malam, naman wa aka binne?"

"Naki."

"To mai naman tana nan da ranta, kuma ba ta ce a fara yi mata jana'iza gutsure-gutsure ba. A tono min abina."

Baba ya sa takalmi ya fita. Ashe limamin masallacin layinmu ya je ya samu bayan azahar, liman ya ce neman magani yana gaba, in an gama dubawa a binne ragowar. Da ya dawo bai kalli kowa ba, ya ɗauki fartanya ya zagaya baya. An yi ruwa sau biyu tun ranar, ƙasa ta daidaita, ya manta ainihin wurin. Rami biyu ya haƙa babu komai. Ina tsaye ina addu'a a zuciya kada fartanyar ta fasa kwalbar. A rami na uku farin yadi ya bayyana, ya koma ja saboda laka. Ya ajiye fartanya ya ƙarasa da hannu. Murfin yana nan gam, ruwan bai zube ba, filastar da aka rubuta sunan Mama ma ana iya karantawa. Na ji kamar in yi tsalle, amma Baba yana wurin, sai kawai na karɓa da hannu biyu.

Ban taɓa zuwa Jos ba sai ran nan. Don kada kowa ya tambaye ni, na sa kwalbar a cikin kular abinci na rungume ta a cinya. Tun daga Akwanga matar da ke kusa da ni take tsokanata, wai wace irin rowa ce wannan, mutum ya rungume kula tun daga Lafiya ko tayi babu. Na yi murmushi kawai. Da ta san abin da ke ciki da ta sauka a hanya.

A ɗakin gwajin wani babban asibiti, mutumin da ya karɓa ya ga laka a zaren murfin ya tambaye ni. Na faɗa masa gaskiya ina jin kunya. Bai yi dariya ba. Ya ce da yawa ana binnewa, amma ni ce ta farko da ya ga ta dawo da nata. Ya ce sati uku.

Sati ukun nan ya zama biyar. A cikinsu Mama ta miƙe ras, ta koma cin tuwo, ta fara shara, 'yan dubiya suna zuwa tana fito musu da duwatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na zama abin tsokana a gida. Yaya Nasiru ya sa min suna Likitar Mangwaro. Ni kaina na fara fatan a ce wahalar banza na yi.

Ba ta banza ba ce. Da na je karɓo sakamakon, na buɗe shi a kan benci a wajen, na ga kalmar da na riga na sani daga littafi. Na ninke takardar na kama hanyar Lafiya. Likitan da ya yi aikin farko ne ya yi wa Baba bayani. Daji ne. Ya shiga naman bangon jakar amma bai huda ya fita ba. Sai dai tun da jakar a manne take da hanta, dole a sake buɗewa a yanke ɓangaren hantar da ta kwanta a kai, a cire kaluluwar da ke kusa, kuma kada a ɗauki lokaci. Ya ce wannan aikin ya fi ƙarfin asibitinsa, mu koma Jos.

A nan ne dangi suka cika gida. Shawo kan mara lafiya ya yarda da tiyata abu ne mai sauƙi. Amma a ce mace tana dakan yaji a tsakar gida, a ce za a kai ta a yanke mata hanta, wannan ba wanda ya so ji. Kowa da abin da ya zo da shi. Wani ya ce daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi zai watsu. Wata ta kawo ganye a buhu ta ce a dafa a sha kwana arba'in. An kawo zuma da habbatussauda, an yi maganar wani mai magani a Obi da ake bin layi a ƙofarsa. Ban ce dukansu mugunta suke nufi ba, ƙauna ce ta kawo su, wasu ma da kuɗin motar da ba su da shi suka zo. Mama ta saurari kowa, ta karɓi zumar don tana so, sannan ta ce tun da an sha wahalar tonowa, a ƙarasa. Baba ya sayar da riɗin da ya ɓoye yana jiran farashi ya tashi, muka kama hanya, ni da Mama da Iya Lami.

Satin farko a Jos layi ne kawai. Layin kati, layin gwajin jini, layin hoto, kowanne a gini daban, ga sanyin da ba mu saba da shi ba. An ce mu kawo mutum uku su ba da jini. Yaya Nasiru ya zo da abokansa biyu 'yan tashar keke, ɗaya ƙato ne mai cika baki tun daga mota, yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da Baba ya taso daga Lafiya ya maye gurbinsa. Sau biyu aka ɗage ranar aikin, sau ɗaya don babu gado a ɗakin da ake kai mutum bayan tiyata, sau ɗaya don jinin Mama ya yi ƙasa. Komai kuma sai ka saya da kanka, safar hannu, auduga, zaren ɗinki, ledar ruwa, ka hau bene ka sauko a ce ba wannan ba ne.

Likitar da ta yi aikin mace ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a, Hausarta irin ta mutanen Filato. An shiga da Mama da safe, sai bayan la'asar ta fito ta ce an gama, an cire abin da ya kamata. Mun yi murna, Iya Lami har da ɗan rangaji a baranda. Mama ta dawo da tiyo a gefen ciki, yana zubar da ruwa cikin wata leda mai layi-layin awo da aka rataye a jikin gado.

Ledar nan ta zama aikina. Ba wanda ya sa ni. Kowace safiya kafin a zubar, in duƙa in karanta inda ruwan ya kai, in rubuta a littafina tare da launinsa, da zafin jikin da nas ta auna. Kwana biyun farko ja-ja ne kamar ruwan wankin nama. Ran na uku ya koma kore mai duhu, kuma ya ƙaru. Likita ta ce ruwan ɗaci ne yake yoyo daga inda aka yanki hantar, yana faruwa, muddin yana fita ta tiyon zai toshe da kansa. Ran na huɗu da na biyar ledar tana kusan cika.

Ran na shida da safe na duƙa, ledar kusan wayam. Iya Lami ta ɗaga hannu tana godiya, ta kira Baba a waya ta ce yoyo ya tsaya. Wani ƙaramin likita da ya leƙo shi ma ya ce alama ce mai kyau, wataƙila gobe a cire tiyon. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Mama mai surutu ta yi shiru, ta ƙi shan ko ruwa, cikinta ya yi tauri, farin idonta ya fara komawa rawaya irin na shawara. Na duba littafina. Jiya leda a cike, yau babu, zafin jiki kuma kwana biyu yana hawa. Abin da ke warkewa ai a hankali yake raguwa, ba ya ɗaukewa rana ɗaya.

Wajen ƙarfe goma babbar likita ta zo zagaye da ɗalibanta, sun fi goma, duk da fararen riguna. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Suka tsaya, ƙaramin likitan ya karanta bayaninsa, ta gyaɗa kai, suka juya za su wuce gado na gaba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata ko fita ba ta yi sosai ba, littafin kawai na miƙa.

"Likita, don Allah ki duba nan."

Ta karɓa, ta bi layin da yatsa, ta koma shafin baya, ta dawo. Ta tambaya wa ya rubuta, na ce ni. Ta ajiye littafin ta danna cikin Mama, Mama ta yi ƙara. Ta murza tiyon tsakanin yatsunta, ta ce ya toshe. Yoyon bai tsaya ba, ruwan ɗacin taruwa yake yi a ciki. Nan take aka tura mu hoto, kafin azahar an sake shiga da Mama tiyata an wanke cikin an sa sabon tiyo. Da ta fito, likitar ta ce da an ƙara kwana ɗaya da maganar ta canza. Ta mayar min da littafin ta ce in ci gaba, kuma kullum in nuna mata shi kafin ta duba fayil.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya. Ɗinkin ya kama ruwa, aka warware rabinsa aka bar ciwon a buɗe, kullum a wanke a cusa auduga. Ba zan kwatanta warin ba. Mama tana cije zaninta, ni ina riƙe da hannunta ina kallon bango. Iya Lami ta aika aka kawo mata gishirin Keana a ƙulle, ta ce da shi ake gasa ciwo da ruwan zafi tun zamanin iyayensu. Har ta dafa ruwan, nas mai wankin ciwo ta kama ta. Matar nan Allah ya saka mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Iya, wannan gishiri ya fi ƙarfin ciwo, na miya ne," ta karɓe ƙullin ta sa a aljihu. Washegari ta kawo wa Iya Lami miyar da ta yi da shi, suka zama ƙawaye.

Mama ta rame har zobenta yana zamewa. Wata rana da hantsi ta kira ni ta fara faɗa min wa za a ba tukwanenta, wa za a ba atamfofinta. Na ce ba zan rubuta ba. Wannan ne kaɗai abin da na ƙi rubutawa a jinyar nan. Ta kalle ni ta juya kai.

Amma littafin yana nuna abin da ido bai gani ba. Sati na uku ruwan ya sauka ƙasa da rabin leda. Sati na huɗu ya ƙara sauka, launinsa ya fara washewa, zazzaɓi ya daina zuwa. Kullum in nuna wa Mama shafin, ko da ba ta so, in ce Mama duba, jiya nan, yau nan. Ran da na san mun tsallake, faten acca aka kawo mata, ta kai cokali biyu ta ture, ta fara masifa wai wane ne ya dafa wannan abu babu mai babu yaji, ana so a kashe ta da yunwa bayan an kasa da wuƙa. Ni da Iya Lami muka kalli juna muka fashe da dariya har masu jinyar gadon kusa suka taya mu. Sati na shida aka zare tiyon. A satin ne kuma sakamakon hantar da aka yanka ya fito, gefunanta duk babu daji, kaluluwar ma babu.

Bayan sallama an ɗora ta a kan ƙwayoyin kemo, maganin daji, na wata shida, ana sha ana hutawa. Tafin hannunta da na ƙafarta suka yi baƙi suna saɓulewa, ko maɓalli ba ta iya sawa, ga gudawa. Na jinkirta zango ɗaya na karatu, ban yi nadama ba.

Ina da godiya da yawa, ga likitar nan, ga nas mai gishiri, ga 'yan keken da suka ba da jini, har da wanda ya suma. Ina da ƙorafi kuma. Da nas ta farko ta tsaya minti biyu ta ce wa Baba ana duba naman ne don neman daji, da bai kai shi gindin mangwaro ba. Baba ba jahili ba ne, ba a gaya masa ba ne. Don haka duk wanda aka yi wa nasa aiki aka miƙo masa kwalba, ya tambaya me ake nema a ciki, ya kai inda aka ce, kuma ya koma ya karɓo sakamakon ko da mara lafiyar ya miƙe yana gudu. Ciwon gefen dama da ya ƙi jin maganin alsa kuma a yi masa hoto. Mai jinya ya riƙe biro, domin likitoci suna canzawa safe da yamma, shi ne kaɗai yake wurin kullum.

Makon jiya muka koma Jos, ni da Mama da Baba, aka yi babban hoton da ake yi bayan shekara. Likita ta daɗe tana kallonsa, mu kuma muna kallonta. Sannan ta ce ba ta ce an gama ba, wannan ciwo sai ana bibiya, za mu dawo bayan wata shida. Amma yau babu komai, hanta ta cike gurbinta, tsaf take. Karo na farko da na ga haƙoranta.

A mota Mama ba ta bar kowa ya runtsa ba, ta ba direba labari, ta ba fasinjoji, ta saya wa kowa ayaba a Akwanga. Da muka sauka a tasha Yaya Nasiru yana jiranmu da keke. Muna isa bakin titin unguwarmu ta ce ya tsaya. Ya ce ai saura kaɗan, ta ce ta sani. Ashe tana sane da yadda mutanen layi suke kallonta shekara guda, gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, ana bin ta da ido kamar wadda aka riga aka yi wa sallama. Ta ce da ƙafarta za ta shiga.

Tafiyar minti biyar ta ɗauke mu kusan awa. Ta tsaya wajen mai nika, ta tsaya wajen mai kayan miya ta taya tattasai ta ce ya yi tsada, ta leƙa gidaje uku. Wata maƙwabciya ta fito ta fara yi mata sannu da fuskar tausayin nan da ta saba, Mama ta dafa kafaɗarta ta ce, "Likita ta ce ki daina kallona haka."

Baba yana can gaba kamar kullum, don a rayuwata ban taɓa ganin ya jera da Mama a titi ba. Da ya kai kwanar layinmu, inda dattawa ke zama a kan benci, sai ya tsaya. Na zaci gaisawa zai yi ya wuce. Bai wuce ba. Ya juya ya jira, dattawan suna kallo, har Mama ta iso inda yake, suka shiga layin tare.